Manhajar editin bidiyo: ka sauke ta a intanet ko ka sayi ta kwali?

Tambayar nan tana yawan fitowa daga bakin samarin da suka shigo harkar ɗaukar bidiyo a nan Zariya, masu ɗaukar biki da suna da walimar saukar karatu, da kuma ɗaliban ABU da aka ɗora musu firojet ɗin haɗa dokumentari, wai wanne ya fi, mutum ya yi dawunlodin manhajar editin daga intanet ko ya nemi wadda ake sayarwa a kwali da faifanta a ciki. A ganina saukewa ta fi ga kusan kowa, kwali yana da amfani a wuri biyu ko uku ne kawai, amma kafin ka fitar da ko sisi akwai abubuwan da ya kamata ka duba, don kowanne ɓangare yana da ramin da mutane ke faɗawa.

Abin da kake saye ba faifan ba ne, ba kuma fayil ɗin da ka sauke ba, lasisi ne, wato izinin kamfani na ka yi amfani da kayansu. Manhajar da ke cikin kwali da wadda ke shafin kamfanin abu ɗaya ne, babu wani ifekt ko taransishan da aka ƙara wa mai kwali don ya biya kuɗin mota. Har ma dai ta kwalin ce take zama tsohuwa, saboda ranar da aka buga faifan a ranar ta tsaya, kana gama instolin za ta ce maka akwai ofdet, kaga datar da kake gudu sai ka ƙone ta. Kuma da yawa daga cikin kwalayen yanzu idan ka buɗe babu faifai ma sam, ɗan kati ne da lambobi a jiki da adireshin inda za ka je ka sauke, shikenan.

Sannan manyan manhajojin da ake ta ambato ba a ma yin kwalinsu yanzu. Adobe, kamfanin da ke yin Premiere Pro, sun fitar da fitowarsu ta CS6 a 2012, shi ne na ƙarshe da ake saye a mallaka, a 2013 suka ce daga yanzu sai Creative Cloud, biyan wata-wata ko shekara-shekara. Apple kuwa tun 2011 da suka fito da Final Cut Pro X a App Store ɗin Mac kawai ake samunsa, kuma ba ya aiki a Windows, kuɗinsa dala 300 ba kaɗan. Toh duk wanda ya miƙo maka kwali ko faifai an rubuta Premiere Pro na bana a jiki, ko a PZ ta nan Zariya ne ko a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Legas, ba daga Adobe ya fito ba, kirak ne, wato kwafin sata da aka fasa makullinsa, aka ƙona a faifai aka yi masa leda mai kyalli. Zan dawo kan wannan.

Ka fara da kwamfutarka tukuna. Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, sai an kashe kuɗi an gama sannan a ga laftof ɗin ba za ta iya ɗauka ba. Shiga Settings, System, About, ka ga ram ɗinka nawa ne da irin furosesa da kuma Windows ɗin da ke kai, sannan ka buɗe Task Manager ka shiga Performance ka duba ko akwai katin girafik na daban irin NVIDIA ko AMD ko kuwa na Intel ɗin da ke haɗe da furosesa ne kawai. Yawancin laftof ɗin tokumbo da ɗalibai ke riƙewa a Samaru da Kongo ram 8GB ne ko ma 4GB, an yi su ne don aikin ofis. DaVinci Resolve 16GB yake so da katin girafik mai ɗan ƙarfi, Premiere Pro zai buɗe a 8GB amma su kansu 16GB suke ba da shawara ko don aikin HD. Idan naka bai kai ba gara ka fara ƙara ram ka sa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, kafin maganar lasisi, wallahi canjin da SSD ke kawowa a tsohuwar laftof ya fi na kowace manhaja. Ka kuma tuna Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, sabbin fitowar manhajoji a hankali za su riƙa juya masa baya, don haka ka karanta abin da kamfani ya rubuta cewa manhajar na buƙata, suna sa shi a shafinsu, a kwali kuma yana baya ko a gefe da ƙananan rubutu.

A nan ne saukewa ta fara yi wa kwali nisa, don tana ba ka damar gwaji. Sayen kwali a rufe ba ka taɓa ganin yadda manhajar ke tafiya a kwamfutarka ba cinikin biri a sama ne, kana yage ledar kuma babu mai karɓa ya mayar maka da kuɗinka. Amma a intanet kusan kowane kamfani yana da ko dai na gwaji ko na kyauta. Kada ka yi gwajin da bidiyon da suka ba ka, ka ɗauko naka, wanda ka ɗauka da kyamararka ko wayarka, mai tsawo, irin na kamu ko na hawan sallah da dawakai ke ta gilmawa da ƙura, ka jera shi a taimlayin, ka yanka, ka sa rubutu da waƙa, ka gyara kala kaɗan sannan ka yi rendarin, wato fitar da bidiyon da ka gama, ka ga minti nawa zai ci da kuma ko laftof ɗin za ta yi zafi ta mutu a hanya. Idan ta wuce wannan toh ta ci jarrabawa.

Na kyautan kuma ba na wasa ba ne. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da na kyauta wanda ba ya ƙarewa, ba ya manna maka tambari a bidiyo matuƙar ba ka taɓa kayan da aka keɓe wa na kuɗin ba, kuma yana fitar da aiki har Ultra HD, abin da ya fi ƙarfin buƙatar yawancin masu ɗaukar biki a garin nan tunda a waya da filash za a kalla. Fom kawai za ka cike da suna da imel ka sauke. Akwai Shotcut da Kdenlive da OpenShot, su kyauta ne gaba ɗaya kuma ba su da nauyi kamar Resolve, lasisinsu ma ya yarda ka kwafa wa abokinka a filash. Windows 11 na zuwa da Clipchamp, ga CapCut da kowa ya sani a waya kuma akwai na kwamfuta, sai dai abubuwa da yawa a cikinsa sun koma sai mai Pro, wato na kuɗi. Filmora kuwa na kyautansa zai bar ka ka yi aikinka tsaf har ƙarshe sannan ya manna tambarinsa a kan bidiyon, kar ka yi aikin kwastoma da shi kana tunanin ka tsira.

Idan ka yanke shawarar saukewa, ga yadda za ka yi. Ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka ko ka duba shi da kyau kafin ka danna, saboda idan ka yi sacin a Google wani lokaci na farkon da ke fitowa talla ne, kuma ɓarayi kan sayi tallan su yi shafi mai kama da na kamfanin sak, ka sauke ƙwayar cuta da hannunka. Ka duba girman fayil ɗin kafin ka fara. Resolve yana cin gigabait biyu zuwa uku ko fiye, ya danganta da fitowar, don haka ka yi shi da datar dare ko inda ka san akwai wayifai mai ƙarfi, ka tabbatar batirin laftof a cike yake ko janareto na kunne don in an ɗauke wuta kana kashi 90 abin ba daɗi, kuma ka yi amfani da manhajar saukewa mai iya ci gaba daga inda ya tsaya. Sannan ka san cewa instola, wato fayil ɗin da ke sa manhajar a kwamfuta, iri biyu ne. Akwai cikakke wanda komai na ciki, ka sauke sau ɗaya ka ajiye, gobe ko an yi wa kwamfutar fomat ka sake sawa ba tare da data ba, Resolve da Shotcut da Kdenlive haka suke. Akwai kuma ɗan ƙaramin nan mai megabait kaɗan wanda kana buɗe shi sai ya fara jawo sauran daga intanet, na Adobe haka yake ta cikin manhajarsu ta Creative Cloud, irin wannan kwafarsa a filash ba ta tsinana maka komai. Duk inda ka ga an ba da zaɓin cikakken, shi za ka ɗauka.

Kana gama saukewa ka kwafe shi a filash da kuma hadis na waje (hard disk nake nufi), ka yi folda ka sa masa suna da lambar fitowar. Kaga ka haɗa wa kanka kwalin kenan. Idan kuma wani abokin sana'a ne ya ba ka instolan don ya rage maka data, ka danna dama a kan fayil ɗin, Properties, ka nemi Digital Signatures ka ga ko sunan kamfanin ne a wurin, idan babu ko kuma ya ce maka sai ka kashe antibairos kafin ka sa, mayar masa da kayansa.

Sai maganar biya, wadda ita ce ainihin ciwon kan ɗan Najeriya. Kuɗin da dala ne, kuma katin naira wani lokaci ya wuce wani lokaci banki ya ƙi, an yi shekaru ma bankuna da yawa sun rufe sayayyar waje da katin naira kafin wasu su sake buɗewa da iyaka. Don haka ka je bankinka ko ka duba a manhajarsu ka ji nawa ne iyakarka, idan bai isa ba sai katin asusun dala ko katin dala na intanet irin wanda kamfanonin kuɗi na waya ke bayarwa, ka lissafa da cajinsu da kuma harajin VAT da wasu ke ɗorawa a kai. Kuma dan Allah kafin ka danna biya ka karanta wane irin lasisi ne. Akwai na saye ɗaya, ka biya ka mallaki wannan fitowar, akwai na haya wanda ranar da ka daina biya ranar zai rufe. DaVinci Resolve Studio, wato na kuɗin, dala 295 ne sau ɗaya, kuma zuwa yanzu waɗanda suka saya ba a sake cajinsu kuɗin sabuwar fitowa ba. PowerDirector na CyberLink yana da duka biyun, mai 365 a sunansa shi ne na haya. Premiere Elements, ƙaramin ƙanen Premiere Pro da aka daɗe ana sayarwa a kwali a matsayin na har abada, daga fitowar 2025 ya koma lasisin shekara 3, kaga ko kwali ka riƙe a hannu ba shi ke nuna ka mallaka ba.

Na Adobe akwai wani wuri da ke kama mutane sosai. Gwajin kwana 7 ne kuma sai ka sa kati, idan ba ka soke ba kafin ya cika za su fara cira. Sannan tsarin da ya fi arha a ido, wanda ake nuna maka kuɗin wata, yawanci alkawarin shekara ne ake karɓa wata-wata, idan ka wuce kwana 14 ka ce ka fasa za su caje ka rabin abin da ya rage na shekarar. Ga wanda aikinsa na lokaci ne, kamar mai ɗaukar biki da kasuwarsa ke buɗewa bayan sallah da ƙarshen shekara ta kuma yi sanyi da azumi, gara ya ɗauki na wata zalla duk da ya fi tsada a wata, ya biya lokacin da aiki ke akwai ya tsaya lokacin da babu. Ɗalibai da malamai kuma suna da rangwame, ana neman imel ɗin makaranta ko wata shaidar karatu, in kana ABU ko Nuhu Bamalli ko wata makarantar ka duba wannan kafin ka biya cikakken kuɗi. Manhajar tana zama a kwamfutarka ne, ba sai da intanet za ka yi editin ba, amma tana son leƙa intanet kamar sau ɗaya a wata ta tabbatar ka biya, mai tsarin shekara ana ɗaga masa ƙafa har wajen wata uku.

Imel ɗin da za ka yi rajista da shi ya zama naka na kanka, wanda lambar wayarka ke jikinsa. Ba na mai kafe ba, ba na yaron shagon da ya taya ka ba, ba kuma na oganka ba idan da kuɗinka ka saya, saboda lasisin saukewa a jikin akawun yake, mai imel shi ne mai kaya. Lambar lasisin da rasit ɗin kuma ka yi musu hoto, ka tura wa kanka, ka kuma rubuta a littafi da biro.

Toh yaushe kwali ke da amfani? Babban wurin shi ne dongul. Resolve Studio ana sayar da shi iri biyu a hannun dillalai, ko kati mai lambar kunnawa ko kuma dongul, wani ɗan abu kamar filash da ake soka wa kwamfuta. Mai lambar yana buƙatar intanet lokacin kunnawa kuma yana aiki a kwamfuta biyu. Dongul kuwa babu ruwansa da intanet, duk kwamfutar da ka soka masa ita ce mai lasisi a wannan lokacin, ka yi aiki a desktof ɗin shago da rana ka zare ka tafi da shi gida da dare. Ga situdiyon da ya ware kwamfutar editin ba ya haɗa ta da intanet kwata-kwata, wanda ni ina ganin dabara ce mai kyau, ko wanda ke zaune a inda netwok ke wahala, dongul ya fi kwanciyar hankali. Matsalarsa idan ya ɓata ko aka sace ko yaro ya karya shi a jikin laftof, kuɗinka ya tafi, don haka a ɗaura masa igiya, in desktof ne a soka shi ta baya inda hannu ba ya kaiwa. Kuma na jabu sun cika shagunan intanet a rabin kuɗi, sukan yi aiki na ɗan lokaci sai an yi ofdet su mutu. Blackmagic suna da jerin dillalansu a shafinsu, ka duba sunan mai sayar maka a can.

Wuri na biyu shi ne idan lasisin ya biyo wani kayan da dama za ka saya. Kyamarorin Blackmagic irin Pocket Cinema Camera 4K suna zuwa da lasisin Resolve Studio a cikin kwalinsu, haka ma ana haɗa shi da ɗan kibod ɗinsu na editin mai suna Speed Editor. Saboda haka idan za ka sayi irin kyamarar nan ta hannu ka tambayi katin, idan mai ita ya ce ya riƙe ko ya ɓata sai a rage kuɗi, don ba ƙaramin abu ya cire ba. Na uku kuma ofis ko makaranta ko ƙungiya, inda mai binciken kuɗi ke son ya ga kaya a sito da rasit na hannu kafin ya sa hannu, wannan ba ruwansa da ingancin manhaja, tsarin aiki ne kawai, kuma dillali na gaskiya zai iya ba su takarda ko da lasisin na saukewa ne.

Idan kwalin za ka saya, ka duba an rufe shi da ledar kamfani ba a taɓa buɗewa ba, ka duba lambar fitowar ka gwada da wadda ke shafin kamfanin yau don kar a sayar maka da wanda ya shekara biyar a kanta, ka duba na Windows ne ko na Mac, ka kuma karanta ko an rubuta cewa na ɗaukaka tsohon lasisi ne, don irin wannan ba ya aiki sai kana da na baya. In da hali ka tafi da laftof ɗinka a kunna lasisin a gabanka kafin ka bar shagon, da imel ɗinka. Ka tuna kuma yawancin laftof ɗin yanzu ba su da wurin sa faifai, sai ka nemi na waje mai USB, kuma faifai ba ya shiri da ƙurar hunturu da zafin bazarar garin nan, yana karcewa ya ƙi karantuwa, ranar farko ka kwafe abin da ke ciki ka ajiye a hadis. Masu aiken ɗan'uwa daga Ingila ko Amurka ko Dubai ya taho musu da shi, idan kati ne kawai a ciki ba sai ka jira ya dawo ba, ya buɗe ya turo maka lambar, amma a tabbatar tun a can cewa lambar ba a ɗaure ta da wata ƙasa ba.

Tsohon kwali na hannu kuwa, irin wanda wani zai ce maka orijinal ne tun zamanin da yake aiki da shi, ni ban ba ka shawara ba. Na farko ba ka san ko lambar tana jikin akawun ɗin wani ba. Na biyu kamfanoni suna kashe na'urorin da ke kunna tsofaffin lasisi, Adobe sun kashe na CS2 da CS3 da CS4, kana da faifai na gaskiya da lamba ta gaskiya amma babu inda za ta kira a amsa mata. Wasu kuma kamfanin ma ya canza hannu, Vegas da har yau muke ce wa Sony Vegas tun 2016 Sony suka sayar wa MAGIX na Jamus, Ulead da tsofaffin masu bidiyon biki suka koyi aiki da shi ya koma hannun Corel ya zama Corel VideoStudio, Pinnacle ma Corel ɗin suka saye shi a 2012. Na uku, wanda ya fi duka, tsohuwar manhaja ba ta san bidiyon yanzu ba. Tun 2017 iPhone ke ɗauka da sabon tsarin matse bidiyo mai suna HEVC, wayoyin Android da yawa da kyamarori da jiragen duron ma haka, ka jefa wa CS6 irin wannan fayil ɗin ko ya ƙi buɗewa ko ya ba ka murya babu hoto, ga kuma matsalar bidiyon waya da murya ke gudu ta bar baki a baya idan ya yi tsawo. Wanda ya riga yana da tsohuwar kuma hannunsa ya saba ba sai ya yar ba, ya sauke HandBrake, kyauta ne, ya juya fayilolin zuwa tsohon tsarin H.264 ya zaɓi Constant Framerate kafin ya shigar da su, aiki zai tafi, sai dai ƙarin lokaci ne a kan kowane aiki.

Mu dawo kan faifan kasuwa da kirak, don na san yawancinmu da shi aka koya, ba sai an ɓoye ba. Maganar haƙƙin mai kaya tana nan, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi manhajar kwamfuta, ta fuskar addini kuma kowa ya tambayi malaminsa. Amma ko ka ajiye wannan gefe ka duba ta fuskar kasuwanci kawai. Kirak kusan kullum sai an ce ka kashe antibairos, wato ka buɗe ƙofa da kanka, kuma abin da ake cusawa a ciki yanzu ba irin bairos ɗin da ke ɓoye folda a filash ba ne, masu kwashe fasuwod ne da ke cikin burauza, su ɗauke maka shafin Facebook ko tashar YouTube da ka sha wahalar tarawa, wasu kuma su kulle duk fayilolin da ke kwamfutar su ce sai ka biya. Ka yi tunanin bidiyon ɗaurin aure da kamu da dina na mutane yana ciki, ka riga ka goge memori, biki kuma ba a maimaita shi, me za ka je ka ce wa uwar amarya. A da ana da uzurin cewa babu wata hanya, yanzu da Resolve na kyauta da Kdenlive ke nan uzurin ya yi rauni sosai. Haka masu tallan lasisin Adobe na shekara a kuɗin da bai kai na wata ɗaya ba a WhatsApp da Telegram, yawanci akawun ɗin wata makaranta ko kamfani ne ake raba wa mutane, ranar da aka gano a rufe, kai kuma kana tsakiyar aiki.

Wani abin da zai iya yanke maka hukunci tun kafin kuɗi shi ne su wa kake aiki da su. Idan kana tura firojet ga edita a Kano ko Kaduna, ko kuna raba aiki da abokinka shi ya yanka kai ka yi kala, dole manhajarku ta zama ɗaya, fitowar ma ta zama ɗaya, saboda firojet ɗin da aka ajiye a sabuwar fitowa yawanci ba ya buɗewa a tsohuwa. Mai kwali a nan shi ke shan wahala don shi ke baya kullum. Mai saukewa kuma nasa kuskuren shi ne saurin ofdet, ana cewa sabo ya fito ya danna yana tsakiyar aikin mutane. Ka kashe ofdet mai yin kansa, ka gama aikin da ke hannunka ka miƙa, ka ajiye kwafin firojet ɗin da tsohon instola, sannan ka ɗaukaka.

Ɗalibi ko mai koyo, ya sauke na kyauta ya zauna a kansa har sai ranar da ya ci karo da abin da na kyautan ya kasa, misali wasu fayilolin 10-bit na manyan kyamarori da Resolve na kyauta ba ya buɗewa a Windows, ko yana son mai rage hatsi-hatsin hoton da aka ɗauka da dare a wurin dina, a ranar ne maganar biya ta taso. Mai ɗaukar biki da ke samun aiki a kai a kai kuma laftof ɗinsa na da ƙarfi, saye ɗaya ya fi masa haya, tunda kuɗin shigarsa da naira ne hayar kuma da dala, duk motsin da dala ta yi sai ya ji a jikinsa. Wanda kuma yake neman aiki a gidan talabijin ko kamfanin da Premiere suke amfani da shi, toh ya koyi Premiere ɗin ta hanyar biyan wata, babu kwalin da zai nema. Mai yin gajerun bidiyo na TikTok da talla a waya ba ya ma cikin wannan lissafin, abin da ke wayarsa ya ishe shi.

Duk wanda ka ɗauka, ranar da za a yi wa kwamfutar fomat ko za ka sayar da ita ko ka kai ta gyara a canza mata hadis, ka fara shiga manhajar ka cire lasisin tukuna, a Resolve Studio yana ƙarƙashin Help an rubuta Deactivate License, a Adobe kuma fita za ka yi daga akawun ɗinka, don lasisi yana ƙirga kwamfutocin da aka kunna shi a kai, kuma mai gyara ba zai tambaye ka ba kafin ya goge. Idan dongul ne ka zare abinka ka sa a aljihu kafin ka miƙa masa laftof ɗin.